Kafin a Ɓalle Ƙofar Sito: Martani Kan Batun RAM da Rutin Waya

Malam, sau biyu na karanta maƙalarka ta makon jiya kan wahalar da mutanenmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ke sha da ƙananan wayoyin Android. A karatun farko gyaɗa kai kawai nake yi, domin ciwon da ka taɓo na gaske ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS ranar kasuwar Sheme, layi ya miƙe, rana ta take, waya ta daskare daidai lokacin da za a tura kuɗin bijimi, ya san ba ka yi ƙari ba. A karatu na biyu ne gabana ya faɗi, da na tsaya kan maganin da ka rubuta. Abu uku ka ce a yi. A sayi wayar da aka rubuta 8+8 a kwalinta. A sa manhajar shara a riƙa goge RAM safe da yamma. Wanda kuma ya isa, ya kai tasa wurin mai gyara a yi mata rutin, domin a ganinka kamfanoni ne suka gina katangu a cikin waya don su hana talaka cin moriyar abin da ya saya da guminsa.

Shawarwari biyun farko kuɗi da batir kawai za su ci. Ta ukun tana iya raba mutum da jarinsa. Dukkansu kuma daga kuskure ɗaya suka tsiro, shi ya sa nake roƙon ka yi haƙuri da ni mu faro daga tushe, ko da bayanin zai ɗan ja.

Yadda ka siffanta RAM, kamar masussuka ce a bayan gari: fili ɗaya a buɗe, kowa ya zo ya zube daminsa, wanda ya riga ya tare wuri, in ta cika a kori wasu a share. Da haka abin yake, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma abin da ya fi kama da shi shi ne sito. Ka san yadda ake yi da kaka a Ɗandume ko Sabuwa. Ɗan kasuwa ya sayi masara buhu hamsin ya kai ajiya. Shi dai ya san yana da buhu na ɗaya har zuwa na hamsin. Bai san inda aka jibge su ba, wataƙila ma ba wuri ɗaya suke ba, goma na bayan ƙofa, sauran na can ƙurya. Maƙwabcinsa shi ma yana da nasa buhu na ɗaya, amma ba a rigima, domin kowa da rajistarsa a hannun mai sito, kuma babu mai shiga ya ɗauka da hannunsa. Ka faɗi lamba, a duba rajista, a fito maka da naka.

Mai siton waya shi ne kanel, wato ƙwayar babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura. A wayoyin Android kanel ɗin Linux ne, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Duk manhajar da ka buɗe, ko WhatsApp ce ko ta banki, kanel yana ba ta jerin lambobin adireshi nata na kanta. A yawancin wayoyin zamani masu bit 64, jerin nan yana kai gig 512, alhali wayar gig 3 ko 4 kawai gare ta. Babu yaudara a nan, domin lambobi ne a rajista, kuma lamba ba ta cin wuri sai ranar da aka zuba mata kaya. Ita kuwa RAM ta gaske an yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa bayit 4,096, ana ce mata shafi. Waya mai gig 4 tana da irin waɗannan shafuka 1,048,576. Aikin rajista shi ne ta ce lamba kaza ta manhaja kaza tana shafi kaza na gaske. Da yake rajista ɗaya doguwa za ta cinye wurin da ake tattali, sai aka yi ta hawa uku: babba ta nuna matsakaiciya, matsakaiciya ta nuna ƙarama, kowace da layi 512, kuma ba a buɗe ƙarama sai an buƙace ta.

Kanel ne ke rubuta rajista, amma ba shi ke duba ta ba a kowane motsi, domin da aikin ya yi masa yawa. Akwai wani sashe a jikin furosesa, ana kiran sa MMU, shi ke fassara lambar manhaja zuwa wurin gaske duk lokacin da za a karanta ko a rubuta wani abu, sau miliyoyi barkatai a sakan ɗaya. Yana da ɗan ƙaramin allo, TLB, inda yake riƙe amsoshin da ya duba kwanan nan, kamar yaron sito da ya haddace inda buhunan mai yawan zuwa suke, ba sai ya buɗe littafi ba. In ka fita daga WhatsApp ka shiga manhajar banki, kanel yana sauya rajistar da MMU ke dubawa.

A nan nake so ka tsaya, Malam, domin nan ne zuciyar maganar. Manhajar wasa da yaro ya saka a wayar babansa ba ta iya leƙa lambar sirrin da baban ya danna a manhajar banki. Ba don tana jin kunya ko tana tsoron doka ba. Ba ta ma da lambar da za ta kira wurin da ita. Duk lambar da ta ambata, rajistarta za a duba, kuma shafukan banki ba sa ciki. Wannan ita ce katangar da ka ce an gina don a cuci talaka. Tsakanin manhaja da manhaja take, kai mai waya kana cikin gida.

Bayan haka kowane layi a rajista yana ɗauke da alamomi: wannan shafi a karanta kawai, wannan a karanta a rubuta, wannan ba a yarda a ɗauke shi a matsayin umarni ba, wannan na kanel ne shi kaɗai. Furosesa kanta matakai gare ta, manhajoji a ƙasa, kanel a sama, kuma manhajar da ke son kamara ko fayil ko intanet sai ta yi sallama a zaure kanel ya shiga ya kawo mata. In ta ambaci lambar da babu ita a rajista, ko ta yi yunƙurin rubutu inda aka ce karatu kawai, nan take furosesa za ta tsayar da ita ta kira mai sito. Shi zai duba. In wuri ne da ya yi mata alkawari bai riga ya ba ta ba, sai ya ɗauko shafi, ya goge shi tas don kada ta ga ragowar kayan wanda ya riga ta, ya rubuta a rajista, ta ci gaba ba tare da ta san an tsaya ba. In kayan nata suna ma'ajiya, wato memorin da hotuna da bidiyo ke zama, ya ɗauko. In kuwa ƙetare iyaka ta yi, ya rufe ta. Saƙon nan da ke ba mu haushi, mai cewa manhaja ta tsaya, wani lokaci abin da ke bayansa ke nan: ɗaya ta faɗi, sauran waya na tsaye. Waɗanda suka yi aiki da Windows 98 a shagunan buga takardu na Funtuwa za su tuna lokacin da kariyar ba ta cika ba, manhaja ɗaya ta yi tuntuɓe, kwamfuta gaba ɗaya ta kwanta da aikin mutane a ciki.

To, mu zo kan shara.

Ka ce ka duba wayarka ka ga RAM ta kusa cika alhali ba ka buɗe komai ba, ka ɗauki haka a matsayin shaidar cuta. Mai sito mai hankali ba ya barin fili a banza. RAM tana shan wuta ko da kaya ko babu, don haka kanel yana barin manhajojin da ka rufe kwanan nan su kwanta a ciki, in ka dawo su tashi nan take. Ranar da aka buƙaci wuri ya san abin da zai yi, kuma daki-daki yake yi. Yana fara zubar da shafukan da ke da kwafi a ma'ajiya, tun da ana iya ɗauko su. Sai ya danne waɗanda aka daɗe ba a taɓa ba, kamar yadda ake danna auduga a buhu, ya tara su a wani ɓangare na RAM ɗin da ake kira zram, dabarar da Android ta runguma tun fitowar 4.4 a 2013 saboda wayoyi masu meg 512. In duk wannan bai isa ba, sannan a fara rufe manhajoji, daga wadda ka fi daɗewa ba ka leƙa ba, a bar wadda ke gabanka ƙarshe.

Lissafin da kake gani ma yana da ruɗi. A Android akwai wata uwar manhaja mai suna Zygote, wadda ke tashi tun ana kunna waya ta ɗauko kayan aikin da kowace manhaja ke buƙata. Duk sabuwar manhaja daga jikinta ake tsago ta. Ba a kwafa mata kayan, sai dai a rubuta a rajistarta cewa su ma nata ne, da alamar karatu kawai. Manhaja ashirin na iya kallon shafi ɗaya, kowace na ƙirga shi a nata. Sai ranar da ɗaya ta so canza wani abu a ciki kanel zai yi mata kwafinta ita kaɗai. Ka riƙe wannan dabarar ta kwafi sai an zo rubutu, za mu dawo kanta.

Ita manhajar shara ba ta san ko ɗaya daga cikin wannan lissafin ba. Tana korar kowa, ta nuna maka lamba mai daɗin gani, bayan minti biyu rabin waɗanda ta kora sun sake tashi daga farko. Tashi daga farko kuwa shi ne ya fi cin furosesa da batir. A garuruwan da wutar lantarki ba ta zama, inda mutum ke biyan kuɗi a shagon caji, wannan asara ce ta kai tsaye. Ga ta ita kanta zaune cikin RAM ɗin, ga talla tana jawowa da datarka. Google ma ya gaji da abin: daga Android 14 da ta fito a 2023, an hana manhaja rufe wata manhaja da ke bayan fage, tata kawai take iya rufewa. Ban ce kada a rufe manhajar da ta rikice ba, ko kada a kashe waya a kunna lokaci-lokaci. Wannan daban, sharar safe da yamma daban.

Maganar 8+8 kuwa, ka gabatar da ita kamar sabuwar ni'ima. Ta haura shekara sittin. A 1962 Jami'ar Manchester da ke Ingila ta ƙaddamar da kwamfutar Atlas, wadda Tom Kilburn ya jagoranci ƙera ta. Tana da ƙwaƙwalwa mai sauri mai ɗaukar kalmomi 16,384, da wata ganga mai maganaɗisu mai ɗaukar 98,304 amma mai nawa. Sai suka yanka su shafi-shafi, kalma 512 kowane, na'urar na kai da kawowa da kanta, mai rubuta manhaja na ganin kamar ƙwaƙwalwa ɗaya ce babba. Duk abin da na bayyana a sama jikan wannan ne. Kuma tun a 1968 Peter Denning ya bayyana iyakar dabarar: in kayan da ake aiki da su a yanzu sun fi ƙarfin ƙwaƙwalwa mai sauri, na'ura za ta koma safa da marwa da shafuka, aikin kansa ya tsaya.

Lamba ta biyu a kwali, wadda Infinix ke kira MemFusion, Samsung ke kira RAM Plus, wasu kamfanonin kuma da nasu sunan, ba ƙarin RAM ba ce da aka dasa a allon waya. Ko dai wani yanki ne da aka yanko daga ma'ajiya, wato memorin da hotuna da bidiyo ke zama, ko kuma dannewar nan ce da na ambata. Ma'ajiyar ƙaramar waya kuwa ta fi RAM nawa kusan ninki dubu wajen ɗauko ɗan abu guda. In miƙa hannu ka ɗauko daga RAM sakan ɗaya ne, daga ma'ajiya kwatan awa ne. Sannan ma'ajiya tana da iyakar yawan rubutun da take ɗauka kafin ta fara gajiya. Ba na cewa abin ba shi da amfani ko kaɗan. Yana taimaka wa manhajar da ke barci kada a rufe ta, in ka dawo ka tarar da ita inda ka bari. Amma wadda ke gabanka tana aiki, RAM ta gaske take so. Rumbun da ke bayan gida ba ya ƙara faɗin faifai. Wanda ya bar waya mai gig 6 na gaske ya ɗauki mai 4+4 don ya ga takwas ta fi shida, an yi masa sakiyar da ba ruwa, kuma maƙalarka ta taya mai shagon ciniki.

Yanzu ga wadda ta hana ni barci.

Rutin ba ya ƙara wa RAM ko bayit ɗaya. Ba ya kuma kawar da rajista, don in babu ita waya ba za ta ko tashi ba. Abin da yake yi shi ne ya ƙera makulli mai buɗe ko'ina, ya rataye shi a zaure. Manhajar da ta riƙe makullin tana iya cewa kanel ya buɗe mata shafukan wata, ta karanta fayilolin da banki ya ɓoye, ta canza kayan tsarin waya. Ka ce ai mai waya ne zai riƙe makullin. Malam, wane mai waya? Dattijon da ya miƙa wayarsa a shago ya tafi sallar la'asar ya dawo ya karɓa? In akwatin tambaya ya fito da Turanci yana neman izini, me kake tsammanin zai danna?

Sannan a duba yadda ake samo makullin. Hanya ɗaya ita ce a buɗe ƙullin da ke tantance tsarin waya lokacin kunnawa, wanda shi ne ke tabbatar da ba a taɓa kanel ba. Ɗaya hanyar, wadda aka fi yi wa tsofaffin wayoyi a shaguna, ita ce a saka wata manhaja ta danna-sau-ɗaya da ba a san wanda ya rubuta ta ba, ta nemi tsaga a jikin kanel ta kutsa. Na ce ka riƙe dabarar kwafi sai an zo rubutu. A Oktoban 2016 aka bayyana wata tsaga a daidai wurin, aka sa mata suna Dirty COW, wadda ta kwana a kanel ɗin Linux tun 2007. In manhaja ta yi wa kanel rige-rige a daidai lokacin da yake yin kwafi, sai rubutunta ya sauka kan asalin shafin da aka ce karatu kawai. Masu rutin suka yi murna suka ɗauka. Ɓarayi ma suka ɗauka: a 2017 kamfanin Trend Micro ya gano wata muguwar manhaja mai suna ZNIU tana shiga wayoyin Android ta wannan tsagar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar ba ta tambayar niyyar mai shigowa.

Akwai wadda ta fi wannan muni. A 2016 kamfanin Kaspersky ya bayyana wata mai suna Triada. Ita in ta sami makullin rutin, Zygote take nufa, uwar da ake tsago kowace manhaja daga jikinta. Da ta zauna a nan, duk manhajar da ka buɗe da ita a ciki take haihuwa, ba ta buƙatar haura katanga tun da a cikin ɗaki aka haife ta. An same ta tana canza saƙonnin biyan kuɗi tana karkatar da su. Shi ya sa manhajojin banki da yawa ke ƙin buɗewa a wayar da aka yi wa rutin. Na san abin da ake yi in hakan ta faru, a ƙara saka wata manhajar da za ta ɓoye wa bankin. Ana gudun gara ana faɗa wa zago.

Ba daga littafi kaɗai nake magana ba. Wani ƙanena da ke sana'ar POS ya kai wayarsa wani shago don ta daina nawa, aka yi mata rutin, aka cire wasu manhajoji, ya dawo yana yabo. Ba a yi wata ɗaya ba ta fara saka wa kanta manhajojin da bai sani ba, katin da ya saka ya riƙa zurarewa cikin dare. Mun goge komai mun mayar da ita kamar sabuwa, abin ya dawo, domin ya riga ya shige ɓangaren da gogewa ba ta kaiwa. Sai da aka yi mata filashin gaba ɗaya, wato aka sake zuba mata asalin tsarin kamfani. Allah ya tsare, kuɗin jama'a da ke hannunsa ba su taɓu ba, amma kwana huɗu bai yi ciniki ba.

Abin da ya sa na ce shawararka ta fi haɗari a yankinmu fiye da Kano ko Abuja, dalili biyu ne da kai ma ka sani. Na farko, manhajojin da ke wayoyin mutanenmu da yawa ba daga Play Store suka zo ba. Daga wayar aboki suka zo ta Xender, ko daga kwamfutar mai tura finafinai, don data na da tsada kuma sabis na wuya. A Satumbar 2021, lokacin mulkin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka shafe watanni. Wanda ya zauna a nan lokacin ya san hannu-da-hannu komai ya riƙa yawo, kuma ɗabi'ar ba ta tafi ba da sabis ya dawo. Manhajar da ta bi ta hannu goma, babu mai iya rantsuwa kan abin da aka cusa mata. Abin da ya rage tsakaninta da asusunka shi ne rajistar kanel. Na biyu, tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, waya ta zama lalita. Mai hatsi, mai shanu, mai shayi, kowa na karɓar tiransifa, kuma ga hanyoyinmu yadda suke, mutane da yawa sun gwammace kada su ɗauki tsabar kuɗi. Wanda abu ya same shi a ƙauyen Sabuwa ko Faskari, kafin ya kai ƙorafi banki a Funtuwa ya ci kuɗin mota da yini guda, ban da fargabar hanya.

Ba zan rufe ido kan inda kake da gaskiya ba. Ana cika ƙananan wayoyi da manhajojin da ba a nema ba, wasu ba sa gogewa, wasu talla kawai suke zubawa. Kamfani kuma ba waliyyi ba ne. A Agustan 2020 kamfanin Upstream ya ba da rahoton samun Triada ɗin nan a cikin dubban wayoyin Tecno W2 tun daga kwali, a ƙasashe irin su Habasha da Ghana da Kamaru, kamfanin Transsion mai Tecno ya ce daga wani mai kawo masa kaya matsalar ta fito. Katangar kanta ma ba ta gagari tsagewa ba. A Janairun 2018 duniya ta ji labarin Meltdown, aibi a jikin furosesoshi da yawa, musamman na Intel, da ke ba manhaja damar leƙa shafukan kanel, sai da aka sake tsarin rajistar aka raba ta kanel da ta manhaja. Haka kuma babu rajistar da za ta tsare wanda aka kira a waya ya karanta wa ɗan damfara lambar da banki ya turo masa, ko wanda ya ba manhajar bashi izinin karanta saƙonninsa da hannunsa.

Amma duba inda waɗannan misalan suka nufa. Ɓarnar W2 ta yi muni ne don ɓarawon yana cikin katanga, wato daidai matsayin da rutin ke bai wa baƙo. Dirty COW da Meltdown kuwa da sabunta kanel aka toshe su, kuma wayar da aka yi wa rutin sau da yawa ba ta ƙara karɓar sabuntawa yadda ya kamata. Da nan ka karkata alƙalaminka, da na tsaya bayanka. Ƙananan wayoyin da ake kawo mana ba sa daɗewa ana turo musu gyaran tsaro, alhali mutanenmu na riƙe waya shekara huɗu ko biyar, daga hannu zuwa hannu. Hukumar NCC ce ke amincewa da nau'in waya kafin a sayar da ita a Najeriya, hukumar FCCPC kuma an kafa ta don kare mai saye. Me zai hana mu nemi su wajabta rubuta RAM ta gaske ita kaɗai da manyan baƙaƙe a kwali, tare da shekarar da kamfani zai daina turo gyara? Wannan faɗa ne da ya cancanci marubuci irinka.

Kafin nan, abin da mai ƙaramar waya zai yi ba shi da yawa kuma ba ya cin ko kwabo. Ya dubi lambar farko in zai saya. Ya shiga saiti ya dakatar da manhajojin da ba ya amfani da su, tun da yawancinsu ana iya kashe su ba tare da rutin ba. Ya ɗauki ƙananan nau'o'i irin Facebook Lite. Kada ya bar ma'ajiya ta cika maƙil. Mai POS kuma, in da hali, ya ware wa sana'a wayarta, kada yara su yi wasa da ita.

Malam, mutane na jin maganarka, na ga matasa masu gyaran waya suna karanta wa juna maƙalar nan. Ina roƙonka don Allah, a wannan shafin da ka ba da shawarar rutin, ka dawo ka janye ta. Kai kuma mai karatu, in an riga an yi wa wayar da kake shiga banki da ita rutin, ka kwashe hotunanka da lambobinka, ka kai ta a mayar mata da asalin tsarin kamfani, sannan ka canza lambar sirrinka a ranar.